Yadda Ake Riƙe Masaukin 'Yan Agaji a Ƙasar da Bala'i Ya Afka Wa

Duk ɗan agajin da jirgi ya sauke a ƙasar da girgizar ƙasa ko ambaliya ko guguwa ta ɗaiɗaita, da cikinsa ya zo. Zai ci, zai sha, zai yi wanka, zai zaga, zai nemi inda zai sa haƙarƙarinsa da inda zai yi cajin waya. Kuma duk waɗannan abubuwa zai neme su ne a garin da mutanensa suka rasa su. Wanda ke tsaye tsakanin baƙin da mutanen gari shi ne mai masauki, ko ɗan ƙasar ne, ko shi ma zuwa ya yi ya zauna na watanni, wani ayari na tafiya wani na sauka. Wannan jagora tasa ce. A kowane mataki tambaya ɗaya zai riƙa yi wa kansa: zuwan mutanen nan ya rage wa masu gari nauyi, ko ya ƙara musu?

Mataki na 1: Kafin ka ce su taho

Ƙasa tana da masu ita, ko da ta rushe. Gwamnatin ƙasar ce ke da ikon cewa wa zai shigo, wa zai dakata. Bayan girgizar ƙasar Maroko ta 8 ga Satumba 2023, da farko ƙasashe 4 kawai hukuma ta karɓi ayarinsu: Sifaniya, Birtaniya, Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Mutane da yawa sun ji haushi, amma hujjar da aka bayar ita ce gudun cunkoso da aikin da ba tsari. Don haka fara da yin rajista a hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasar, kamar AFAD a Turkiyya, sannan ka nemi taron da ake haɗa ayyukan ƙungiyoyi. Tun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ke kasa aikin agaji rukuni-rukuni, na lafiya daban, na matsuguni daban, na ruwa da tsafta daban, kuma a girgizar ƙasar Pakistan ta shekarar aka fara gwada tsarin. Ka je taron rukunin da aikinka ya shafa. Zama ne mai gundura, sau da yawa a cikin tanti mai zafi, amma a nan za ka ji cewa ƙungiyoyi uku sun riga sun raba tamfol a unguwar da ka nufa, alhali ƙauyen bayan dutse ba wanda ya leƙa shi.

Kwanakin farko na ƙwararru ne: masu tono mutane daga ɓaraguzai, da ayarin likitoci waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shar'anta musu su zo da ruwansu da wutarsu da matsuguninsu, kada su jingina da kowa. Ɗan sa-kai marar horo wanda ya zo a makon farko, kujerar jirgi da gadon wani ya tare. A Nepal, bayan girgizar 25 ga Afrilu 2015 da ta kashe mutum kusan 9,000, filin jirgin Katmandu mai titin sauka ɗaya ya cushe har jiragen da ke ɗauke da kayan agaji suka riƙa juyawa. Lokacin 'yan sa-kai yana zuwa daga baya, bayan makonni ko watanni, sa'ad da 'yan jarida suka watse, aikin kwashe ɓaraguzai da gyaran rufi ya rage. Ka koyi cewa "ba yanzu ba" cikin ladabi, ka kuma sa musu rana.

Waɗanda ka amince su zo, ka aika musu tambayoyi a rubuce. Su nawa ne, maza nawa mata nawa? Me kowa ya iya da hannunsa? Wa ke da ciwon da ke buƙatar magani kullum, wa jikinsa ba ya karɓar wani abinci? Kowa na da inshorar da za ta biya kuɗin fitar da shi ƙasar waje in ya ji mummunan rauni? Sun yi rigakafin sarƙe-haƙora da ciwon hanta da taifot? Wace irin biza suka nema, kuma ta halatta musu aikin? Likita ko ma'aikaciyar jinya sai sun sami izinin ma'aikatar lafiyar ƙasar kafin su taɓa majiyyaci. A ganina ayarin mutum 8 zuwa 12 shi ne daidai, don mota ɗaya ko biyu za su ɗauke su, tukunya ɗaya ta ciyar da su.

Za su tambaye ka me za su kawo. Ka ce kuɗi, da kayan kare jikinsu: manyan takalma, safar hannu, hular kwano, takunkumin ƙura, tocila. Tsofaffin tufafi da ragowar magunguna su bar su a gida. Bayan girgizar Armeniya ta 1988 an tura tan 5,000 na magani da kayan asibiti, sai da mutum 50 suka yi wata 6 suna tantancewa kafin a san abin da aka samu, kuma mafi yawansa bai amfanu ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maganin kyauta ya iso da saura aƙalla shekara ɗaya kafin wa'adinsa ya ƙare. Duk abin da ake samu a kasuwar gari, a saya a can, don mai shago shi ma bala'in ya shafe shi.

Mataki na 2: Gidan kansa

Kada ka kwantar da kowa a ginin da injiniya bai duba ba. Ƙasa ba ta gama motsi a rana ɗaya. A Turkiyya da Siriya, ranar 6 ga Fabrairu 2023, girgiza ta biyu mai ƙarfin 7.5 ta zo kimanin awa 9 bayan ta farko. A Nepal kuwa sai ranar 12 ga Mayu wata babba ta biyo, ta ƙarasa gidajen da suka riga suka tsage. In kana shakka, tanti a fili nesa da katanga ya fi bene mai kyan fenti. In ambaliya ce, nemi tudu, ka tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Akwai wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba. Da ƙungiyoyi sun shigo da kuɗin waje, haya sai ta yi tashin gwauron zabi, mai gida ya kori ɗan hayarsa don ya ba baƙi. Kafin ka sa hannu, bincika wa ke zaune a gidan a da, kuma ina ya koma. In an fitar da iyali saboda kai, nemi wani gidan.

Sauran abu ne mai sauƙi: ɗakin maza daban, na mata daban, kowanne da sakata ta ciki, gidan sauro in wurin na da sauro, akwati mai makulli na fasfo da kuɗi, hanyar fita wadda ba a tara kaya a kanta ba, da wuri ɗaya a fili da kowa ya san nan za a taru in wani abu ya faru.

Mataki na 3: Ruwa da masai

A nan ne masauki ke iya zame wa gari annoba, don haka zan daɗe a kansa. A watan Oktoba 2010, wata 9 bayan girgizar ƙasar Haiti, kwalara ta ɓarke a ƙasar da ta yi shekara da shekaru ba ta san ta ba. Bincike ya bi sawun cutar har sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke kusa da garin Mirebalais, inda ƙazantar masai ta malala cikin rafin da ke shiga kogin Artibonite. Mutum sama da 800,000 suka kamu, kusan 10,000 suka mutu, kuma sai a Disamba 2016 Ban Ki-moon, Sakatare Janar na Majalisar a lokacin, ya nemi gafarar mutanen Haiti. Masaukinka ƙarami ne, amma hanyar cutar ɗaya ce.

Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji suka fara tsarawa a 1997, sun ba da ma'aunin da za ka yi lissafi da shi: aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da tsafta, masai ɗaya ga mutum 20, ramin masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya ko wani tushen ruwa, ƙasansa kuma ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da mita 1.5. Mutum 12 ke nan lita 180 a rana, kuma wannan mafi ƙanƙanta ne. Wanda ya wuni yana tura baro a rana zai sha lita 4 ko 5 shi kaɗai, ya dawo jiki duk ƙurar siminti. Ka tanadi ninki biyu, ka ajiye na kwana 3 a tanki saboda ranar da tankar ruwa ba za ta zo ba. Masai kuma, ko ayarin bai kai 20 ba, yi biyu, na maza da na mata.

Daga ina ruwan ke fitowa? In famfon unguwa ne da mata ke yi wa layi tun asuba, kada motarka ta je ta cika jarka 20 a gabansu. Ko ka saya daga nesa, ko ka ɗiba a lokacin da ba layi bayan ka shawarci masu famfon, ko kuma, wanda ya fi, ka gyara tushen ruwan yadda zai wadaci kowa.

Aikin safiya na farko shi ne na tankin sha. Wanda ke kan aiki ya buɗe murfi ya leƙa. In ruwan na da gurɓi, a bar shi ya kwanta ko a tace shi tukuna, don sinadarin kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. Ya zuba kulorin gwargwadon abin da ke rubuce a jikin kwalinsa, ya dama, ya jira minti 30. Sai ya ɗiba daga bakin famfo ya tsoma takardar gwaji ya gwada launinta da na jikin kwalba. Ana son tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita. Ya rubuta sakamakon da lokaci a takardar da ke manne jikin tankin. In babu kulorin, a tafasa ruwan ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka. Jarkar sha ta kasance da alama daban, kuma ba a tsoma kofi a ciki, tsiyayowa ake yi. Wanka da bokiti ɗaya ne ga kowa. Baƙin da suka saba da shawa za su yi gunaguni kwana biyu, daga nan su saba.

Ranar da za a kwashe masai, ka bi motar da kanka ka ga inda take juyewa. Kar ka wadatu da "ai akwai wurin da muke kaiwa". Shara ma haka: allura da bandeji a kwali mai ƙarfi a kai asibitin da ke ƙona su, batir kuma ayari su koma da abinsu. A ƙofar masai da ƙofar kicin a ajiye ruwa da sabulu. Wanda gudawa ta kama ya fita daga jadawalin girki nan take, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Mataki na 4: Wuta da kicin

Janareto a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iska marar wari da ke kashe mutum cikin barci, kuma bayan kowace babbar guguwa ana samun waɗanda suka tsira daga iskar guguwar suka mutu ta wannan hanya. Ka sa masa lokaci, awa 2 ko 3 da yamma, kowa ya yi caji. Ka bar soket ɗaya a bakin ƙofa don maƙwabta. Ba abin da ke saya wa masauki mutunci da arha kamar wannan soket.

Ɗauki mai girki daga unguwar, ka biya shi ko ita yadda ya dace. A ci abin da gari ke ci, dafaffe da zafinsa. Kada a shanya faranti a bakin titi ana ci gaban masu jiran rabon abinci.

Mataki na 5: Ranar sauka

Sukan iso a gajiye, ido ya yi ja, amma da ɗokin a kai su wurin aiki yanzu-yanzu. Kada ka kai su. Ba su ruwa, nuna musu shimfiɗa da masai, karɓi kwafin fasfo da lambar wanda za a kira a gida, ba kowa ɗan kati mai adireshin masauki da lambarka a harshen ƙasar. Sai ka zaunar da su rabin awa. Takalmi da tocila a gefen shimfiɗa suke kwana. Ba mai fita shi kaɗai. Ga lokacin rufe ƙofa. In ƙasa ta motsa, a durƙusa, a kare kai, a riƙe wani abu mai ƙarfi, in ta lafa a fita fili a ƙirga kai. Ka koya musu gaisuwa da godiya da ta'aziyya a harshen gari, da irin suturar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Ya fi kyau wani ɗan gari ya yi wannan ɓangaren da bakinsa.

Washegari a zaga da su a ƙafa su gaisa da shugabannin unguwa. Wasu a nan za su fara kuka, don abin da suka gani a talabijin ba ya wari. Ka bar su.

Mataki na 6: Yadda yini ke tafiya

A tashi da wuri, a karya, a yi taron minti 10 a tsaye: wa zai je ina, da wace mota, da wane tafinta, yaushe za a dawo. Rubuta shi a allo. Kayan aiki a ƙirga su a fita, a ƙirga a dawowa, don shebur da guduma ƙafa gare su. A huta da tsakar rana in wurin na da zafi, a dawo kafin duhu, tunda haɗarin mota na cikin manyan abubuwan da ke halaka ma'aikatan agaji, kuma titin da ya tsage ba ya yafiya da dare. Direba shi ke da maganar ƙarshe kan hanya. Wanke-wanke da shara da wankin masai suna bin jadawali, har da shugaban ayari, ko farfesa ne. A bar rana ɗaya a mako ba aiki, ta dace da ranar ibada ko hutun mutanen gari. Kai kuma kowane dare ka zauna da littafin kuɗi da rasit, kada ka bari su kwana biyu.

Mataki na 7: Wa ke zaɓar aiki

Da ɗan gari akan ci gari. Jerin gidajen da za a fara da su ya fito daga kwamitin unguwa, kuma ka tabbata akwai mata a ciki, sannan ka bi sawu ka ga ko an tsallake gwauraye da naƙasassu da waɗanda ba su da kowa a wurin manya. Magini da kafinta na gari su ja aikin, 'yan sa-kai su zama 'yan miƙo. In aiki ne da ɗan gari zai iya a biya shi, ka yi tunani sau biyu kafin ka ba baƙo ya yi kyauta, don albashin nan shi zai buɗe kasuwa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, kada ka janye malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti daga aikinsa saboda kana biyan tafinta fiye da albashinsa.

A wurin kwashe ɓaraguzai, mai gida ya kasance a tsaye. Abin da baƙo ke gani tarkace, ga mai shi takardar fili ce, ko hoton uwa da ta rasu, ko tukunya ɗaya da ta rage. A tambaya kafin a jefar. Tsohon rufi da ake zaton na asbestos ne, wato kayan rufin da ƙurarsa ke cutar da huhu, kada a fasa shi, a kira masana. In aka ci karo da gawa, a tsaya, a rufe ta, a kira hukuma. Masana lafiya sun daɗe suna bayyana cewa gawar wanda bala'i ya kashe ba ta haddasa annoba, don haka ba dalilin gaggawar binnewa kafin dangi su gane nasu.

Mataki na 8: Dokokin da ba sassauci

A rubuta su, kowa ya sa hannu tun kafin ya hau jirgi. Ba alaƙar jima'i da waɗanda ake taimaka wa. Ba musayar kuɗi ko kaya ko aiki da jima'i, ba kusantar wanda bai kai shekara 18 ba, kamar yadda sanarwar Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2003 ta tanada. Ba baƙon da zai keɓe da yaro, ba yaron da zai shiga ɗakin kwana. Yaron da aka gani shi kaɗai ba lallai maraya ba ne. A ƙarshen Janairu 2010 an kama Amurkawa 10 a kan iyakar Haiti za su fita da yara 33 ba takardu, daga baya ta bayyana da yawansu iyayensu na raye. Irin wannan yaro hukumar kula da yara ko Red Cross ake kai wa labarinsa, su ke da tsarin haɗa iyalai.

Hoto sai da izini, kuma ba na gawa, ba na mai tsiraici, ba na mai kuka. Kyauta ba a miƙa ta ta tagar mota, don yau alewa ce, gobe yara ne ke bin taya a guje. Alkawari kuwa shi ya fi wahalar hanawa. Baƙo mai tausayi zai ce wa wata uwa zai biya kuɗin makarantar ɗanta, ya tafi ya manta, kai za ta riƙa tarewa a ƙofa har wata shida. Duk mai son taimakon wani na musamman ya biyo ta hannunka. Sannan mutanen gari su san inda za su kai ƙara, ya kasance akwai mace da za a iya gaya wa, kuma hanyar kada ta zama kai kaɗai, don wata rana ƙarar a kanka za ta kasance. Wanda ya karya manyan dokokin nan a ranar yake barin masauki, laifin kuma a kai shi inda ya kamata.

Mataki na 9: Gajiya

Wajen kwana na huɗu ko na biyar ɗoki ke ƙarewa. Sai faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, wani ya daina cin abinci, wani ya ƙi hutawa yana ganin hutu cin amana ne. Zaman yamma na ɗan lokaci yana taimakawa, amma kada ka tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan irin wannan tilas. Ka lura, ka saurara, ka haɗa mai buƙata da wanda zai taimake shi. Ka tuna direbanka da mai girkinka su ma sun binne nasu, kuma ba jirgin da zai mai da su gida. Kai kanka ka bar kwana 2 ko 3 tsakanin ayari da ayari, ka horar da mataimaki da zai riƙe makullai in zazzaɓi ya kwantar da kai.

Mataki na 10: Tafiya da miƙa aiki

Daren ƙarshe shugaban ayari ya rubuta abin da aka gama, da abin da ya rage, da sunan magini da ke riƙe da kowane gida, a littafi ɗaya da ayari na gaba zai karanta. Kayan da suke son bari a tara su wuri ɗaya, kwamitin unguwa ya raba bayan sun tafi. Tukuici ga ma'aikata ya shiga asusu ɗaya a raba daidai, har da mai gadin dare da ba wanda ya san sunansa. A wanke shimfiɗu, a shanya katifu, a cika tanki, a ƙirga akwatin magani.

Masaukin shi ma yana da ranar rufewa, kuma gara ka sa ta tun da wuri ka gaya wa kowa. Ma'aikata su sami sanarwa aƙalla wata ɗaya kafin lokacin, da haƙƙinsu cikakke bisa dokar ƙwadagon ƙasar, da takardar shaidar aiki da za ta amfane su a gaba. Janareto da tanki da kayan aiki a rubuta wa makaranta ko asibiti ko kwamitin da zai gaje su, a gaban shaidu, da sa hannu. A cike ramin masai a sa masa alama, a biya mai gida da mai tankar ruwa, a kai rahoton ƙarshe ga hukumar da ka yi rajista da ita, tare da jerin gidajen da ba a kai gare su ba da sunan ƙungiyar da ta karɓi ci gaba da su.